Ina Kuɗin Ajiyar Ɗan Haya Ke Shiga?

Jama'a, akwai wata al'ada da ta taso daga manyan birane, ta bi hanyar mota ta iso mana nan ƙasar Gumel, kuma ga alama ta sami wurin zama. Al'adar kuwa ita ce ta kuɗin ajiya, wanda dillalan gidaje ke kira koshin. Watau in mutum zai kama hayar ɗaki ko shago, bayan ya biya kuɗin shekara, ya biya la'adar dillali, sai kuma a ce ya kawo waɗansu kuɗi a ajiye, wai ko da zai ɓata wani abu. Ranar karɓa a kan ce masa, in ya tashi lafiya za a mayar masa da abinsa cif. To, mu dai tambayarmu ke nan yau: cikin waɗanda suka tashi lafiya, mutum nawa ne abin nasu ya komo hannunsu? Kowa ya duba cikin 'yan'uwansa da maƙwabtansa ya ba kansa amsa.

A da ba haka sha'anin baƙo ya ke ba. Tun sa'ad da jirgin ƙasa ya ratsa ta Gagarawa ya kai Nguru a 1930, Tasha ta cika da 'yan gyaɗa da 'yan dako da akawuna, kowa kuwa ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Bafatake in ya kawo shanu Maigatari, sai ya sauka wurin fatomansa, a ba shi ɗaki da tuwo, a sayar masa da dabbobinsa, fatoma ya ɗauki la'adarsa, a rabu da alheri. Ba mu ce a koma can ba, zama duniya ta sake. Yanzu ga 'yan makarantar Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga malaman firamare da ma'aikatan asibiti da a ke yi wa canjin wurin aiki daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, ga ma'aikatan kan iyaka a Maigatari, ga kuma 'yan kasuwa masu kama sito don tara riɗi da zoɓo. Duk waɗannan haya su ke yi, kuma yawancinsu ba su san mai gidan ba sai ta bakin dillali. Inda sanayya ta ƙare kuwa, dole takarda ta tsaya a madadinta. Abin baƙin ciki, mun ɗauko karɓar kuɗin daga birni, mun baro takardar a can.

Bari mu buga misali da lissafi, don ɗan kasuwa ya fi gane magana in an sa mata adadi. A ce malamin makaranta ya kama ɗaki biyu a kan naira 120,000 a shekara. Dillali ya karɓi 12,000 la'ada, aka ce 12,000 na rubuta yarjejeniya (wadda sau da yawa ba ya ko ganinta), sa'an nan 20,000 na ajiya. Ya fitar da 164,000 ke nan tun bai shimfiɗa tabarma ba. Mafi ƙanƙantar albashi da aka tsayar a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne, ashe ya ba da fiye da albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Ya zauna shekara uku, aka yi masa canji zuwa Sule Tankarkar. Ya kwashe kayansa, matarsa ta share ɗaki, ya kai makulli. Sai mai gida ya ce a dakata ya duba. Bayan mako biyu sai ga saƙo: fenti 12,000, shara 3,000, kwaɗo 2,000, yashe masai 5,000. Jimla 22,000. Watau malam bai karɓi ko kwabo ba, har ma shi a ke bi 2,000! Shi kuwa ga shi can ya riga ya tare a wani gari, kuɗin motar zuwa da komowa don yin gardama sun kusa cinye abin da ya ke nema. Sai ya ce ya bar wa Allah. Mai gida kuwa tun farko ya san haka za a ƙare.

A nan ne mu ke so mu daɗe, zama nan ne gizo ke saƙa. Akwai tsufa, akwai ɓarna, kuma masu gidaje da yawa da gangan su ke cuɗa su wuri ɗaya. Fentin da aka shafa shekara uku da suka wuce, ko ba kowa a ɗakin sai ya koɗe. Hunturu ya busa masa ƙura, zafin bazara ya gasa shi, damina ta jiƙa gindin bango har gishiri ya fito. Kwanon rufi ya yi tsatsa ya fara yoyo, silin ya yi taswira. Gara ta ci azara ko ƙyauren katako. Daɓen siminti da aka yi shi da yashi mai yawa, siminti kaɗan, ya farfashe. Katangar ƙasa ta zaizaye don ba a yi mata yaɓe ba. Wanne cikin waɗannan ɗan haya ya yi? Ko ɗaya. Aikin kwanaki ne da na iska, kuma saboda su ne a ke biyan haya. Mai gida ba ya karɓar 120,000 don ya ba ka inuwa kawai, cikin kuɗin nan har da na lalacewar da gini ke yi in ana zaune cikinsa. In ya karɓi haya, sa'an nan ya zo ya cire kuɗin fenti daga ajiya, ya sayar da kaya ɗaya sau biyu ke nan. Wa zai yarda a yi masa haka a kasuwar Alhamis ta Maigatari? Ka ɗauki hayar amalanke ka kai kaya, sa'an nan mai ita ya ce ka biya shi kuɗin taya don ta ƙara cinyewa? Ai sai 'yan kara su yi masa dariya.

Ɓarna kuwa daban ce, kuma ba za mu ɓoye ta don mu faranta wa 'yan haya rai ba. Wanda ya hura icce cikin ɗakin kwana har bango ya yi baƙi ƙirin, shi ya ɓata. Wanda ya ɗaure awaki a tsakar gida suka kankare gindin katanga, ya tashi ya bar tulin kashi, shi ya ɓata. Wanda ya fasa gilashin taga, ko ya ɓalle ƙofa don ya yar da makulli, ko ya huda bango ya ja waya inda ya ga dama, ko ya toshe kwata da leda da ruwan wanke-wanke har ya kwanta a ƙofar maƙwabci, ko ya tara kuɗin wuta na wata shida ya gudu da dare ya bar wa mai shigowa, to wannan ba shi da bakin magana, ya biya. Haka ɗan kasuwar da ya kama sito ya zuba maganin ƙwari ya bar wari da ragowar buhuna da ɓeraye. Kada mu manta, ba dukan masu gidaje ne attajirai ba. Akwai gwauruwar da mijinta ya bar mata ɗaki biyu, da su ta ke ciyad da marayu. Akwai tsohon masinja da ya sa garatutinsa ya gina shago ɗaya. In aka bar wa irin waɗannan kufai, an zalunce su, kuma zalunci ba ya sake suna don talaka ne ya yi shi.

Abin da ke kan mai tashi a fili ya ke, ba ya bukatar lauya. Ya kwashe kayansa duka har da tarkacen da ba ya so, kada ya mai da ɗakin mutane juji. Ya share, ya yi yanar gizo, ya wanke makewayi da madafa, ya kwashe toka, ya kai shara inda a ke zubarwa. Ya gyara abin da hannunsa ko na iyalinsa ya karya. Ya biya wuta da ruwa har ranar tashinsa. Ya miƙa makulli hannu da hannu. Shi ke nan. Ya mayar da ɗaki yadda ya same shi, ban da abin da kwanaki suka ci. Ba a ce ya mayar da shi sabo ba, zama shi ma ba sabo ya tarar ba. Kuma in mutum ya share ɗaki da hannunsa ya fita tas, ba wanda ke da ikon cire masa kuɗin shara don kawai ya fi son ya sa yaransa su sake sharewa.

Maganar masai ita ce ta fi kawo rigima a gidajen haya na mutane da yawa, inda ɗaki shida ke shiga rami ɗaya. Ramin da aka haƙa tun kafin ka zo, wanda mutum talatin suka yi shekaru suna amfani da shi, in ya cika a watan da ka ke tashi, kaka za a ɗora maka kai kaɗai? In za a raba, a raba bisa kowa, a kuma faɗa tun ranar shiga.

Kada wani ya ce wannan ra'ayin 'yan boko ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da warware shi. A wurinsu abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukan garuruwan nan, ta nuna maganarsa a ke kamawa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Muhtasar na Halil har yashe masai da gyara da yaɓe ya ambata cikin babin haya, ya nuna abubuwa ne da a ke sharɗantawa tun wurin ƙulla ciniki, kuma gyara da yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a ke yinsu. Ga kuma ƙa'idar da kowane alƙali ke aiki da ita: mai da'awa shi ke kawo shaida. To, wa ke da'awa a nan? Mai gida ne ya ce an ɓata masa ɗaki. Shi ya kamata ya nuna abin da aka ɓata, ya nuna yadda ya ke a da, ya nuna abin da gyaransa ya ci. Amma da ya ke kuɗin suna aljihunsa, sai aka juya abin, ya zama shi ne mai ƙara, shi ne mai shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma ma'aji. Ko a zamanin En'e da mu ke ta ba da labarin danniyarta, ba a kan tara wa mutum ɗaya muƙamai huɗu haka ba.

Sa'an nan akwai wata asara da ba a gani, amma ɗan kasuwa ya san ta. Naira 20,000 da aka karɓa a farkon 2023 ba ita ce 20,000 ta yau ba. A ƙarshen Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kome ya bi ta. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin ɗari a shekara. Watau ko an mayar wa mutum kuɗinsa cif, buhun geron da za su saya masa ya ragu ƙwarai. Mu ba mu ce a ba shi ruwa a kai ba, Allah ya kiyaye. Amma mai gidan da ya juya kuɗin nan shekara uku, ya sayi riɗi da kaka ya sayar da bazara, sa'an nan ya zo yana lissafa fenti da farashin yau a kan ajiyar jiya, lalle ya ci gaba ya ci baya.

'Yan kasuwar kan iyaka sun ɗanɗana wani abu makamancin wannan. An rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk sa'ad da aka yi haka ciniki kan tsaya, mai shago ko sito ya rasa abin biyan haya, dole ya saki wuri. A daidai wannan lokaci, da 'yar ajiyar nan ita ce za ta zama masa jari ya sake tashi, a nan ne a kan ce masa ya zo gobe, ya zo jibi.

To, yaya waɗansu suka yi da nasu? Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011. Cikinta aka ce in mai gida ya karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, sai ya ba da rasit dabam ban da na haya, kuma ɗan haya yana da hakkin a rubuta masa bayanin yadda aka kashe kuɗin, aƙalla kowane wata shida. Dokar ta ce ɗan haya ya kula da gida, amma ta keɓe lalacewar yau da kullum, ba ta ɗora masa ita ba. Ta kuma hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ba mu ce mutanen Ikko duka suna bin ta ba, amma dai wanda aka cuta yana da abin da zai buɗe gaban alƙali.

Ingila kuwa sun wuce nan. Tun daga Afrilu 2007 mai gida ba ya riƙe ajiya yadda ya ga dama, tilas ya yi rajistarta a ɗaya daga cikin hukumomin tsaron ajiya da gwamnati ta yarda da su, kuma a yau kwana 30 a ke ba shi ya yi haka. In ya ƙi, kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku. In an zo tashi aka yi saɓani, wani mai sulhu ne dabam, wanda ba ruwansa da kowa, zai duba takardar shiga da ta fita da hotuna ya yanke, kyauta, kuma mai gida ne zai tabbatar da da'awarsa. A 2019 suka ƙara da cewa ga yawancin gidaje ajiya kada ta wuce hayar mako biyar. In da a nan ne, malamin nan namu mai hayar 120,000 ajiyarsa ba za ta kai 12,000 ba. Abin dariya, can ma maganar shara da wanke-wanke ita ce kan gaba wajen kawo gardama tsakanin mai gida da ɗan haya. Ashe halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, bambancin kawai su sun raba ma'aji da alƙali.

Mun san Gagarawa ba Landan ba ce, ba mu kuwa neman a gina wani sabon ofis da za a cika da 'yan'uwan manya a riƙa biyansu albashi. Abin da mu ke nema ba ya cin kuɗi. Muna kira ga wakilan ƙasar Gumel a Majalisar Dokoki ta Dutse, waɗanda suka zo ƙofofinmu neman ƙuri'a, su sa wannan magana cikin doka baƙi da fari: a ƙayyade yawan ajiya, a tilasta rasit, a yanka kwanakin da za a mayar da ita bayan miƙa makulli, a ce duk abin da za a cire sai an rubuta shi ɗaya ɗaya da shaidarsa. In an yi, a buga ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowace kotu. Dokar da ke kulle cikin Turanci a kabad ɗin lauya ba ta tsare talaka da kome. Ƙananan hukumomi kuma, su da ke ba da rumfuna da shagunan kasuwa, su fara da kansu, kowane kwabo da ma'aikacinsu ya karɓa ya ba da rasit mai hatimi.

Amma kada mu zauna jiran Dutse, zama mun san tafiyar hawainiyar da takarda ke yi a can. Akwai abin da kowa zai iya tun gobe. Ranar da za ka shiga ɗaki, kada ɗokin samun wuri ya rufe maka ido. Ka kira mutum biyu, in da hali har da wakilin mai unguwa, ku zaga tare da mai gida ko dillalinsa. A rubuta kome: taga ɗaya ba gilashi, silin ya yi tabo a kusurwar gabas, fenti tsoho ne, famfo ba ya zuwa, ga abin da mita ta nuna, ga bashin wutar da aka tarar. Yanzu kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauka, a aika wa mai gida a ranar don kwanan wata ya zauna. A rubuta ajiya nawa ce, wa ya karɓa, kuma a hannun wa za ta zauna. Wannan na ƙarshe muhimmi ne, don sau da yawa in an zo tashi sai mai gida ya ce shi bai ga kome ba, dillali ne ya karɓa, dillali kuma ya ce ai ya miƙa. A rubuta wa zai yashe masai, wa zai yi yaɓe kafin damina. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya riƙe kofi.

Za a ce maka, haba, rashin yarda ne? Ai mu 'yan'uwa ne. Ka amsa da ladabi, ka ce, Alhaji, ba don kai ba ne, don mantuwa ne da mutuwa, in ɗayanmu ya faɗi kada magada su yi rigima. Mutumin kirki ba ya gudun takarda. Wanda ka ga ya ɓata rai don an ce a rubuta, to ka san irin rabuwar da za ku yi tun ba ka shiga ba.

Ranar tashi kuma, ka ba da sanarwa da wuri, kada ka sulale. Ka share ɗaki sosai, ka kira shaidun nan na farko, a zaga da takardar nan a hannu, da rana tsaka, kafin ka miƙa makulli. In akwai abin da ka ɓata, ka ce a kira magini ko kafinta ya faɗi kuɗin gyara a gaban kowa, ko kuwa ka gyara da kanka. Abin da ya rage a ba ka nan take, ko a rubuta ranar biya. In aka ƙi, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hakimi, in duk ya faskara ga kotu, kuma kada ƙanƙantar kuɗin ta sa ka ji kunyar kai ƙara. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, na 'yan hatsi da na 'yan kara da na masu shaguna, su ma suna iya tsayawa shaida ga mutanensu, ko ma a yarda a ajiye kuɗin a hannunsu maimakon hannun mai shago.

Wanda ba ya iya rubutu, ko ba shi da mai rubuta masa, ya zo ofishinmu na reshe da safe, shi da mai gidan ko shi kaɗai. Za mu rubuta masa takardar shiga kofi biyu, da boko ko da ajami, ba mu karɓar ko sisi. Ya zo da sunan unguwa, da adadin ɗakuna, da abin da aka ce ya biya, da sunayen shaidunsa biyu.